Darasi na 14: Gasar Ƙwallon Kwando ta Duniya ta Farko, Buenos Aires, 1950

1.0 Gabatarwa

Wannan darasi ya shafi tarihin wasanni. Nassin karatun ya ƙunshi labarin gasar ƙwallon kwando ta duniya ta farko tsakanin ƙasashe, wadda aka gudanar a birnin Buenos Aires na ƙasar Ajantina a shekarar 1950. An zaɓo labarin ne saboda dalilai biyu. Na farko, zai ba ɗalibi damar sanin kalmomi da salon da Hausawa ke amfani da su wajen ba da labarin wasa. Na biyu, labari ne da ke nuna yadda hukumar da ta ɗaukaka ɗan wasa kan zama sanadin faɗuwarsa idan mulki ya juya, domin mutanen da suka ci wannan gasa an hana su wasa shekara bakwai bayan nasararsu.

Ana so ɗalibi ya karanta nassin sau biyu. A karo na farko ya karanta shi a tsanake ba tare da duba ƙamus ba. A karo na biyu ya ja layi a ƙarƙashin duk inda aka yi amfani da "an" ko "aka", da kuma aikatau "ci" da "sha", domin a kansu bayanin nahawu zai tsaya.

2.0 Nassin Karatu

2.1 Daga Springfield zuwa Janiba

Yawancin wasannin duniya ba a san wanda ya fara su ba. Ƙwallon kwando kuwa an san mai shi, an san garin, an kuma san watan. A watan Disamba na shekarar 1891, wani malamin motsa jiki haifaffen Kanada mai suna James Naismith yana koyarwa a makarantar ƙungiyar YMCA da ke garin Springfield a Amurka. Sanyin hunturu ya hana ɗalibansa fita fili, don haka ya nemi wasan da za a iya yi a cikin zaure. Sai ya kafa kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace a sama, ya rubuta dokoki 13, ya ce duk wanda ya jefa ƙwallo cikin kwandon abokan karawarsa ya ci. Daga nan wasan ya samo sunansa.

Ma'aikatan ƙungiyar YMCA ne suka yaɗa wasan zuwa sassan duniya, kuma ta hannunsu ya isa Buenos Aires a shekarar 1912. Ƙasashen Amurka ta Kudu sun fara shirya gasa tsakanin ƙasa da ƙasa tun da wuri. A shekarar 1930 Yurugai da Ajantina da Burazil da Cile suka kara a birnin Montevideo, Yurugai ta ci gasar.

Ranar 18 ga Yuni, 1932, wakilan ƙasashe takwas suka kafa hukumar ƙwallon kwando ta duniya, wato FIBA, a birnin Janiba. Ƙasashen su ne Ajantina da Cekoslobakiya da Girka da Italiya da Latbiya da Fotugal da Romaniya da Suwizalan. Ajantina ce kaɗai daga cikinsu ba ta nahiyar Turai ba. Ya kamata a lura da harafin ƙarshe na sunan hukumar, domin "A" ɗin a da yana wakiltar kalmar da ke nufin ɗan wasan sha'awa, wato wanda ba ya karɓar ko sisi saboda wasa. Wannan ƙa'ida ita ce ginshiƙin hukumar a wancan lokaci, kuma za mu ga tasirinta nan gaba.

An yi gasar Turai ta farko a Janiba a shekarar 1935, inda Latbiya ta doke Sifen da maki 24 da 18. A shekarar 1936 wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Balin. A fili aka yi wasannin, kuma ranar wasan ƙarshe aka yi ruwan sama, filin ya zama taɓo. Amurka ta ci Kanada da maki 19 da 8, Naismith da kansa ya miƙa lambobin yabo.

2.2 Yadda aka zaɓi Ajantina

Yaƙin duniya na biyu ya tsayar da harkokin wasanni a Turai. Da aka dawo da gasar Olamfik a birnin Landan a shekarar 1948, sai babban sakataren FIBA, Renato William Jones, ya ga lokaci ya yi da ƙwallon kwando zai sami gasar duniya tasa ta kansa, kamar yadda ƙwallon ƙafa ya samu tun 1930. Babban taron hukumar ya amince da shawarar a can Landan.

Sai dai ina za a yi ta? Ƙasashen Turai suna fama da gyaran ɓarnar yaƙi, babu mai kuɗin ɗaukar baƙi. Ajantina kuwa yaƙin bai taɓa ta ba, tana cikin waɗanda suka kafa hukumar, kuma 'yan wasanta sun nuna bajinta a Landan. Ko da yake ba su yi nisa a gasar ba, sun matsa wa Amurka lamba har ta sha da ƙyar, da maki 59 da 57.

Bugu da ƙari, gwamnatin Janar Juan Domingo Perón, wanda ya hau mulki a shekarar 1946, ta ɗauki wasanni a matsayin hanyar ɗaga darajar ƙasa a idon duniya, kuma tana kashe musu kuɗi sosai. Shekarar 1950 ta zo daidai da cika shekara 100 da rasuwar Janar José de San Martín, jagoran yaƙin neman 'yancin ƙasar, saboda haka aka sanya gasar cikin bukukuwan tunawa da shi. Aka tsayar da zauren Luna Park, wanda ya yi suna wajen damben zamani, ya zama wurin wasannin, daga 22 ga Oktoba zuwa 3 ga Nuwamba.

Mai horar da 'yan wasan Ajantina, Jorge Canavesi, ya san cewa Amurkawa sun fi yaransa tsawo. Don haka ya tara su a harabar ƙungiyar River Plate na tsawon makonni, ya dage a kan abu uku: gudu, da tsaron gida, da ƙwarewa wajen jifan kyauta. 'Yan wasan nan ɗalibai ne da ma'aikata, kuma sai da aka nema musu izini daga wuraren aikinsu kafin su shiga sansanin horo.

2.3 Ƙasashe goma

Ƙasashe goma ne suka halarta. Daga nahiyar Amurka akwai Ajantina da Amurka da Burazil da Cile da Peru da Ekwado. Daga Turai akwai Faransa da Sifen da Yugoslabiya. Ta goma ita ce Masar. Uku daga cikin waɗannan ƙasashe suna buƙatar ƙarin bayani.

Masar ta je gasar ne a matsayin zakarar Turai, duk da kasancewarta a Afirka. Dalili kuwa shi ne a wancan lokaci babu hukumar ƙwallon kwando ta Afirka, wadda sai a shekarar 1961 aka kafa ta, don haka Masarawa suna shiga gasar Turai ne. A shekarar 1949 aka yi gasar Turai a birnin Alƙahira, ƙasashe bakwai suka halarta, Masar ta cinye, Faransa ta zo ta biyu. A Buenos Aires ma Masarawa ba su ba da kai ba, domin Amurka da ƙyar ta ci su, da maki 34 da 32. Sun ƙare a matsayi na biyar, kuma har zuwa gasar 2023 babu ƙasar Afirka da ta kai wannan matsayi a gasar duniya ta maza.

Ita kuwa Amurka ba ta zaɓo taurarinta daga sassan ƙasa ba. Manyan 'yan wasanta suna cikin gasar NBA, suna karɓar albashi, saboda haka dokar FIBA ta haramta musu shiga. Sai aka tura ƙungiya guda sukutum daga birnin Denver, mai suna Denver Chevrolets. Irin waɗannan ƙungiyoyi na kamfanoni ne. Al'adarsu ita ce kamfani ya ɗauki ɗan wasa aiki, ya riƙa biyansa albashin ma'aikaci, shi kuma ya yi wasa da sunan kamfanin. A idon doka, ɗan wasan sha'awa ne.

Yugoslabiya kuma ta bar tarihi iri biyu. A wasan farko na gasar, wanda ta yi da Peru, ɗan wasanta Nebojša Popović ne ya ci makin farko a tarihin gasar duniya. Amma da jadawali ya haɗa ta da Sifen, sai ta ƙi yin wasan. Gwamnatin Tito ta 'yan gurguzu ba ta ga-maciji da gwamnatin Janar Franco, kuma 'yan Yugoslabiya da dama sun yaƙi Franco a yaƙin basasar Sifen na 1936 zuwa 1939. Aka ba Sifen nasara ba tare da an taɓa ƙwallo ba, Yugoslabiya ta zo ta goma. Ke nan tun a gasar farko siyasa ta shigo zauren wasa.

2.4 Daren 3 ga Nuwamba

Tsarin gasar bai tanadi wasan ƙarshe irin na yau ba. Bayan zagayen share fage, ƙasashe shida ne suka tsallake, kowace ta kara da kowace, wadda ta fi yawan nasara ita ce zakara. Amma sai ya kasance Ajantina da Amurka duk sun cinye wasanninsu, kuma su ne za su kara a daren rufe gasa. Saboda haka wasan nasu ya zama shi ne mai raba gardama.

Ya kamata mai karatu ya san cewa wasan wancan zamani ya bambanta da na yau. Babu layin da ake cin maki uku daga bayansa, domin sai a shekarar 1984 FIBA ta amince da shi. Babu kuma agogon da ke tilasta wa ƙungiya ta yi jifa cikin ƙayyadadden lokaci, wanda hukumar ta shigo da shi a shekarar 1956. Ƙungiyar da ke gaba tana iya riƙe ƙwallo tana ta miƙa wa juna har lokaci ya ƙare. Wannan ne ya sa makin wasannin bai cika yawa ba, kuma kowane jifan kyauta yana da muhimmanci.

A daren nan zauren Luna Park ya cika maƙil da 'yan kallo kimanin 20,000. 'Yan Ajantina suka fara da gudu da saurin miƙa ƙwallo, aka tafi hutun rabin lokaci suna gaba da maki 34 da 24. Bayan an dawo Amurkawa suka yunƙuro, suka rage tazarar, amma ƙoƙarin tare masu gudu ya sa suka riƙa yin ƙeta. Alƙalan wasa suka fitar da da yawa daga cikinsu, 'yan Ajantina kuwa suka yi ta cin maki da jifan kyauta, wanda dama a kansa suka sha horo. Aka tashi Ajantina tana da maki 64, Amurka 50. Oscar Furlong ya ci maki 20, kuma shi aka zaɓa gwarzon gasar. Cile ta zo ta uku, Burazil ta huɗu.

Da jama'a suka fito daga zauren, sai suka nannaɗe jaridu suka kunna musu wuta, suka ɗaga su sama, suka bi titin Corrientes suna murna. Har yau 'yan ƙasar suna tunawa da wannan dare da sunan da ke nufin "daren yula".

2.5 Kyauta ta zama laifi

Shugaba Perón ya karɓi zakarun, kuma cikin abin da aka saka musu da shi akwai takardar izinin shigo da mota daga waje. A wancan lokaci gwamnati ta taƙaita shigo da motoci, saboda haka takardar kanta dukiya ce. Da yawa daga cikin 'yan wasan ba su da kuɗin sayen mota, sai suka sayar da takardar.

Ƙungiyar ta ci gaba da haskakawa. Ta zo ta biyu a wasannin nahiyar Amurka na 1951 da na 1955, ta kuma zo ta huɗu a gasar Olamfik ta 1952 a birnin Helsinki. Furlong ya sami tayin zuwa ƙungiyar Minneapolis Lakers ya zama ɗan wasan sana'a, amma ya ƙi, domin yana so ya ci gaba da yi wa ƙasarsa wasa.

Hausawa na cewa duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A watan Satumba na shekarar 1955 sojoji suka hamɓarar da Perón. Sabuwar gwamnati ta ɗaura aniyar share duk wani abu da ke da alaƙa da shi, har ta kafa dokar da ta haramta ambaton sunansa a bainar jama'a. Aka kafa kwamitocin bincike, ɗaya daga cikinsu kuma aikinsa binciken harkar wasanni. Nan fa aka tono maganar motoci. Aka ce wanda ya karɓi abin duniya saboda wasa ya tashi daga ɗan wasan sha'awa ya koma ɗan wasan sana'a. A shekarar 1957 hukumar ƙwallon kwando ta ƙasar ta yanke wa 'yan wasa fiye da 30, ciki har da zakarun 1950, hukuncin haramcin wasa na tsawon rai.

Akwai abin lura a nan. Ƙungiyar da suka doke a Luna Park tana ɗauke da sunan kamfanin mota a ƙirjinta, kuma ba wanda ya ce ta karya doka. Su kuwa takardar mota guda ta raba su da filin wasa. Doka ɗaya ce, amma ma'anarta ta dogara ga wanda ke riƙe da ita. Babu shakka masu hukuncin sun ɗauki 'yan wasan a matsayin 'yan gaban goshin tsohuwar gwamnati, kuma a ganinsu kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai dai kuma ɗan wasan da shugaban ƙasarsa ya miƙa wa kyauta a gaban jama'a, da wuya ya iya mayar da ita. Ba 'yan ƙwallon kwando kaɗai abin ya shafa ba. Mary Terán de Weiss, gwanar wasan tanis, da Eduardo Guerrero, wanda ya ci lambar zinariya a tseren kwalekwale a Helsinki, su ma an toshe musu hanya.

2.6 Abin da ya biyo baya

Sai bayan kimanin shekara goma aka ɗage hukuncin, a lokacin kuwa ƙuruciya ta wuce. Furlong ya koma wasan tanis, har ya jagoranci ƙungiyar ƙasarsa a gasar kofin Davis zuwa wasan kusa da na ƙarshe a shekarar 1977. Asarar da ƙwallon kwandon Ajantina ya yi ta fi ta kowane ɗan wasa, domin matasa masu tasowa sun rasa waɗanda za su koya daga gare su a fili. Tun daga gasar Helsinki ta 1952, ƙasar ba ta sake shiga gasar ƙwallon kwando ta Olamfik ba sai a shekarar 1996, wato bayan shekara 44.

Ita kuwa ƙa'idar wasan sha'awa da aka hukunta su da ita, ba ta ɗore ba. A shekarar 1989 FIBA ta buɗe ƙofa ga 'yan wasan sana'a. Babban sakataren da ya jagoranci wannan sauyi shi ne Borislav Stanković, ɗaya daga cikin 'yan wasan Yugoslabiya da suka je Buenos Aires a shekarar 1950. A ƙarƙashin sabon tsarin, Ajantina ta zama ƙasa ta farko da ta doke ƙungiyar Amurka mai ɗauke da 'yan wasan NBA, a birnin Indianapolis a shekarar 2002, da maki 87 da 80. A shekarar 2004 kuma ta ci lambar zinariya a gasar Olamfik ta birnin Atina. Furlong yana raye ya ga wannan, kuma a shekarar 2007 FIBA ta sanya sunansa cikin jerin gwarzayenta. Ya rasu a shekarar 2018.

Gasar da aka fara da ƙasashe 10 ta sami halartar ƙasashe 32 a shekarar 2023, lokacin da Jamus ta ɗauki kofin. Ajantina ta zo ta biyu a 2002 da 2019, amma kofin 1950 shi ne kaɗai na duniya da ta ɗauka a cikin waɗannan shekaru 73.

3.0 Ma'anar Kalmomi da Sassan Jimla

kara da: yin gasa ko faɗa da wani. Mutumin da ake karawa da shi shi ne abokin karawa.
maki: abin da ake ƙirgawa don sanin wanda ya yi nasara a wasa ko jarrabawa.
zakara: namijin kaza, a fagen wasa, wanda ya fi kowa.
ƙeta: mugunta; a fagen wasa, ture ko riƙe abokin karawa ta hanyar da doka ta hana.
jifan kyauta: jifan da ake ba wanda aka yi wa ƙeta, ya jefa ba mai tare shi, maki ɗaya ne.
ɗan wasan sha'awa: wanda ba a biyansa kuɗi saboda wasa.
ɗan wasan sana'a: wanda wasa ne hanyar cin abincinsa.
ginshiƙi: abin da ke riƙe da gini, tushen al'amari.
matsa lamba: takura wa wani har ya rasa sukuni.
ba da kai: miƙa wuya, sallamawa.
sukutum: gaba ɗaya, ba a rage komai ba.
ba ta ga-maciji da: akwai ƙiyayya mai tsanani tsakaninsu.
raba gardama: kawo ƙarshen jayayya.
maƙil: kalmar da ke ƙarfafa "cika", babu sauran wuri.
yula: wutar da ake kunna wa kara ko ciyawa a riƙe a hannu don haska hanya.
hamɓarar da: kifar da gwamnati da ƙarfi.
ɗan gaban goshi: wanda babba ya fi so a cikin na ƙasa da shi.
bainar jama'a: inda kowa ke gani kuma yake ji.

4.0 Bayanin Nahawu

4.1 "An" da "aka"

Hausa tana amfani da "an" da "aka" idan ba a san wanda ya yi aiki ba, ko kuma ba a so a ambace shi. Dukansu na shuɗaɗɗen lokaci ne, amma wurin zamansu ya bambanta. "An" yana zuwa a jimlar da ke ba da sanarwa kai tsaye:

An yi gasar Turai ta farko a Janiba.

"Aka" kuwa yana zuwa a wurare uku. Na farko, bayan "da" ko "wanda" ko "wadda": gasar da aka fara da ƙasashe 10. Na biyu, idan an gabatar da wani sashe na jimla don ƙarfafa shi: A fili aka yi wasannin. Na uku, wajen jero abubuwan da suka faru ɗaya bayan ɗaya a cikin labari: Aka kafa kwamitocin bincike, aka tono maganar motoci. Haka dangantakar take tsakanin "sun" da "suka", da kuma tsakanin "kun" da "kuka". Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne sanya "an" bayan "da". Ba a cewa "wasan da an yi", sai dai "wasan da aka yi".

4.2 Aikatau "ci" da "sha"

Asalin ma'anar waɗannan kalmomi ta shafi abinci da ruwa, amma a fagen wasa sun ɗauki wata ma'ana. Galibi "ci" yana tafiya da rinjaye: ci gasa, ci maki, ci lambar zinariya. Idan mutum ne ko ƙasa ke bin aikatau ɗin, ma'anar ita ce dokewa: Amurka ta ci Kanada. "Cinye" yana nuna cewa ba a bar saura ba: sun cinye wasanninsu. Shi kuwa "sha" galibi yana tafiya da abin da mutum ya jure: sha kaye, sha kashi, sha horo, sha wahala. Amma a kula, "sha da ƙyar" yana nufin tsira bayan an kusa faɗuwa.

4.3 Sunan mutanen ƙasa

Wasu ƙasashe suna karɓar ɗafa-goshin "Ba-" a tilo da ɗafa-ƙeyar "-awa" a jam'i: Ba'amurke, Amurkawa, Bafaranshe, Faransawa, Bamasare, Masarawa. Sauran kuwa ana amfani da "ɗan" ga namiji, "'yar" ga mace, "'yan" ga jam'i: ɗan Ajantina, 'yar Peru, 'yan Cile. Hanya ta biyu tana aiki da kowace ƙasa, saboda haka idan ɗalibi yana shakka, ita zai bi.

4.4 Faɗin sakamakon wasa

Ana fara ambaton makin wanda ya yi nasara, a haɗa shi da na ɗayan da kalmar "da": maki sittin da huɗu da hamsin. Da yake "da" tana cikin lambar kanta, mai magana yakan ɗan dakata kafin lamba ta biyu don kada mai sauraro ya ruɗe.

5.0 Tambayoyi

1. Me ya sa Naismith ya ƙirƙiro wasan da ake yi a cikin zaure?
2. Kawo dalilai uku da suka sa aka ba Ajantina ɗaukar nauyin gasar 1950.
3. Ta yaya ƙasar Afirka ta zama zakarar Turai a shekarar 1949?
4. Me ya hana manyan 'yan wasan Amurka zuwa Buenos Aires?
5. Yaya dokokin wasa na 1950 suka taimaki ƙungiyar da ke gaba da maki?
6. Wane laifi aka ɗora wa zakarun 1950, kuma wace shekara aka yanke musu hukunci?
7. Bayyana ma'anar karin magana biyu da ke cikin sashe na 2.5, ka kuma nuna yadda kowane ya dace da labarin.

6.0 Aikin Gida

(a) Cike gurbi da "an" ko "aka":
1. Jiya ___ buɗe gasar.
2. A zauren Luna Park ___ yi wasan.
3. Ina takardar da ___ ba shi?
4. ___ ɗage hukuncin tuni.

(b) Rubuta jimloli biyar da aikatau "ci" da biyar da aikatau "sha", kowace da ma'anar da ba ta shafi abinci ko ruwa ba.

(c) Rubuta muƙala mai kalmomi 300 a kan wannan batu: "Ya dace ɗan wasa ya karɓi kyauta daga hannun shugaban ƙasarsa?" Ka kafa hujja da abin da ya faru a Ajantina tsakanin 1950 da 1957, sa'an nan ka kawo misali ɗaya daga ƙasarku. Za a tattauna muƙalun a aji a mako mai zuwa.